Kaguwa a Buhun Albasa

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar albasa, wannan ya ce in ba shi labarin teku, wancan ya ce wai da gaske ne na kife a ruwa har sau biyar. Sau biyu ne, kuma na biyun ba laifina ba ne. Nomau direba shi ya lalata labarin, ya yi ta zuba masa gishiri har ni da abin ya faru a kaina na fara shakka. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda yake, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sai na fara da surukina, don shi ne mafarin komai. Baba Gado Basarke ne a Jega, shekara sittin yana su a gulbi. Ni kuwa Usmanu, mutumin Aliero ne, albasa na gada, albasa na sani. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya ba ni 'yarsa Hajara, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa kiran sunana ba. Sauran surukansa, da yake masunta ne, kowa da sunansa. Ni kuwa “mai albasa”. Ba ƙina yake yi ba. Shi dai a ganinsa, namijin da bai taɓa zama cikin jirgi ba bai gama zama mutum ba. Ina dariya in ya faɗa, amma wallahi abin yana cina.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ya daina shiga ruwa, sai zaman zaure. Da na je yi masa sallama na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, “Mai albasa, an ce teku za ka.”

Na ce, “Kwatano za ni, Baba. Albasa za mu kai.”

Ya ce, “Ai bakin teku garin shike. Shekara sittin ina cikin ruwa, ban taɓa ganin babban ruwan ga ba. Abokina Ɗanjuma ya tahi can, yad dawo yac ce mani kaguwassu ta kai hwaihwai girma. Nic ce ƙarya shikai. Har yar rasu ba mu shirya ba bisa zancen ga. Ka kawo mani guda da ranta. Ido ya tahi, amma hannu na nan.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma kai za ka kamo ta. Ta kasuwa ko Hajara na iya sawowa.”

Da ina da hankali da na ce in Allah ya yarda, na tashi. Sai na ji bakina ya ce, “Ko goma kaka so, Baba.” Muna fitowa Hajara ta dube ni ta ce, “Malam, kai da ko rijiya za ka leƙa sai ka riƙe bango?”

Mun tashi daga Aliero bayan sallar asuba a motar Nomau, mutumin Dangamaji, wanda bakinsa ya fi injinsa gudu. Ko Maiyama ba mu wuce ba taya ta fashe. Muna zaune gindin bishiya ana faci, wata Bafulatana mai fura ta tambaye ni ina za mu. Na gyara zama na ce teku. Ta ce akwai ciyawa can? Na ce ruwa ne zalla, kuma shanu ba sa iya shansa. Ta ce to me za mu je yi? Na sunkuya na shanye furata.

Daga nan sai Koko, Yauri, Kwantagora, Mokwa. A gadar Jebba na leƙa ƙasa sau ɗaya, na rufe ido ban buɗe ba sai da muka haye. Nomau ya ce, “Kai na za ka shiga teku? Bari in hwara haddace abin da zan hwaɗa ma iyalinka.” A Ilori na ci baƙin tuwonsu na amala da miya mai yauƙi, loma tana wucewa ban ba ta izini ba. A Legas kuwa mun yi rabin yini wuri ɗaya, har na sayi soson wanka da agogon bango ta taga ba don ina bukata ba, don dai in ga wani abu ya motsa. A kan iyaka ta Seme wani jami'i ya ce sai ya ga abin da ke ƙasan kaya. Ya hau, ya yanka albasa ɗaya ya shinshina, ya sauko yana share hawaye ya buga mana hatimi. Albasar Aliero ba ta wasa da baƙo.

Masaukinmu a Zango yake, gidan Alhaji Tanko dillali, wanda kakansa ya zo daga Jega bai koma ba. Ya karrama ni da ɗaki a saman sito. Wato na yi tafiyar kwana biyu na ƙetare ƙasa don in kwana cikin warin albasa, abin da ko a gida ba na yi. Mutanen garin sun ba ni mamaki. Mata ke tuƙa babur, da jariri a baya da kwando a gaba, su wuce ka suna maka hon. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hamata ake riƙe shi. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce, “bonjur”, an gama. Ni da na saba in tambayi gida da gajiya da yara da gona, na gaishe da wani mutum, kafin in kai kan “ina gajiya” ya sha kwana.

Da aka sauke kaya na gaya wa Alhaji Tanko matsalata. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya haɗa ni da Kojo, wani mutum mai ba da hayar jirage a inda tafkin garin ya haɗu da teku. Kojo ya taso cikin Hausawan Zango, yana jin Hausa sosai, kuma kowa Alhaji ne a bakinsa. Na zaci jirgin katako zan gani irin na Baba Gado, mai ɗaukar mutum goma da akuya. Sai ya nuna mini wani abu na roba, rawaya, siriri, mai ramin zama ɗaya, da filafili mai baki biyu. Kayak suke ce masa. Ya sa mini rigar da ke hana nutsewa a kan kaftanina, ya ce in shiga in zauna kada in tashi. Na shiga, na ji na danne gefen rigata, na miƙe don in gyara. Wannan ita ce kifewa ta farko. Ruwan iya gwiwa ne, amma hulata ta tafi, kuma har yau ba ta aiko da saƙo ba.

Kafin mu tashi Kojo ya yi mini karatu. Bayan wurin zama akwai jakar sanyi cike da ƙanƙara, sannan ga wani tsohon buhu. Ya ce, “Alhaji, ji da kyau. Kifi, da ka kama, buga masa kai, yanka nan jini ya fita, cire ciki, wanke, sa cikin ƙanƙara nan take. Rana maƙiyiyarsa ce. Kaguwa kuwa ban da ƙanƙara, ban da bokitin ruwa. Jiƙa buhu, sa ta ciki, ajiye a inuwa ta sha iska. Ka gane?”

Na ce na gane. A zuciyata kuwa na ce wannan bawan Allah bai san da wa yake magana ba. Ni da nake ajiye albasa wata shida a rudu, rumbunmu na kara, ba ta ruɓe ba, ni za a koya wa ajiya? A garinmu wanda ya jiƙa buhu ya zuba amfani a ciki, sai a kai shi a yi masa addu'a. Duk abin da aka ciro sabo, shanya shi ake yi ya sha iska ya bushe. Kuma kaguwar nan ita ce babbar baƙuwa, saboda ita na zo. Ta yaya zan ba kifi ɗaki mai sanyi, in jefa baƙuwar Baba Gado cikin tsumma?

Muka shiga ruwa, shi a nasa jirgin ni a nawa. Na yi ta juyawa wuri ɗaya har sai da ya ɗaura igiya ya ja ni. Ya nuna mini yadda ake saukar da tarkon kaguwa mai raga, da kan kaza a ciki, da yadda ake jefa fatsa. Sannan ya matsa can nesa yana duba nasa tarkunan, ya bar ni da Allah da hankalina.

Abin mamaki, Allah ya ba ni sa'a. Kifi uku na kama, manya, da kaguwa biyar. Duk wadda ta fito sai in karkaɗe ta daga tarko kai tsaye cikin jakar sanyi, in ja zif in ce a huta lafiya. Kifayen kuwa na jera su a kan hancin jirgi, na ba kowane tazara kamar yadda muke jera albasa kada wata ta taɓa wata. Har juya su nake yi don kowane gefe ya samu rana daidai.

Bayan awa huɗu sai na lura ƙudaje sun biyo ni har tsakiyar ruwa. Ban san ƙuda yana tafiya mai nisa haka ba. Kojo ya dawo, tun daga nesa ya toshe hanci. Ya danna cikin kifi ɗaya da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya buɗe jakar sanyi. Ƙanƙarar ta narke, kaguwoyina biyar suna kwance cikin ruwan sanyi, ƙafafu a sake. Na ce wataƙila suma suka yi, a ɗan sa su a rana su farfaɗo.

Ya ce, “Alhaji, waɗannan sai dai addu'a. Kuma kaguwar da ta mutu da kanta ba a ci, sai a zubar.” Ya sake duban kifayen, ya dube ni. “Ka yi komai da kyau. Sai dai ka yi wa kowa aikin ɗan'uwansa.”

Na koma masauki jiƙe, ba hula, ba kaguwa, ga motarmu za ta juya washegari da safe. Nomau ya ce, “Kai dai wahala kaka so. Ga kasuwa can cike da su. Sawo guda mu tahi. Tsohon ga ko gani ba shi yi, wa za shi hwaɗa mai?” Ba zan ɓoye ba, har na sa takalmi. Na tsaya a bakin ƙofa ina tuna yadda ya ce ido ya tafi amma hannu na nan. Mutumin da ya yarda da ni a kan abin da ba zai iya gani ba, in na cuce shi a nan, to mai albasa ma ya yi mini yawa. Na cire takalmin, na roƙi Nomau ya ba ni zuwa azahar. Ya yarda, da sharaɗin zai zo ya tsaya a bakin ruwa ya yi kallo. Daga nan ne duk ƙaryar da kuka ji ta samo asali.

Da safe na ɗauko buhun algarara na kaina, wanda na zo da shi daga Aliero da alamata a jiki. Na tsoma shi a ruwa da hannuna. Sai da na ji kamar kakana yana kallona, amma na daure. Kifi biyu na kama, na buga masu kai, na fitar da jini da ciki, na binne su a ƙanƙara. Matar Alhaji Tanko ta soya su da rana, kuma ban taɓa cin kifi mai zaƙin wannan ba, sai dai kada ku gaya wa mutanen Jega. Kaguwa huɗu suka shiga tarko. Kojo yana ɗaure masu ƙahonnin cizon da zare yana miƙo mini, ina sakawa a buhu. Ta huɗun ta kuɓuce kafin a ɗaure ta, ta faɗo tsakanin ƙafafuna, ta nufi cikin wando. Ina so duk wanda yake mini dariya ya faɗi abin da zai yi a wannan hali. Wannan ita ce kifewa ta biyu. Amma ko Nomau ya shaida, kaina ya nutse, hannuna na sama riƙe da buhu, sauran ukun na ciki.

Kojo ya sa buhun cikin kwando, ya rufe da ɗanyen ganye, ya ba ni galan cike da ruwan tafkin. Ya ce in riƙa yayyafawa, buhu ya zauna da danshi amma kada ruwa ya taru a ƙasa. Muka yi sallama, wannan karon har ya tsaya na tambaye shi gida da yara.

Nomau ya ce kwandon ya tafi baya. Na ce baya rana ce, sai dai ni in koma can su zauna gaba. A ƙarshe na rungume kwandon a cinyata, shi kuma ya sa masu suna Hajiyoyi, tunda sun samu gidan gaba. A kan iyaka wani jami'i ya ga buhu yana motsi ya ce mene ne. Na ce kaguwa. Ya ce ta sayarwa? Na ce ta surukina ce. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da zai kai kaguwa Kebbi saboda suruki. Ɗayansu ya ce nasa surukin firiji ya ce a kawo masa, in gode wa Allah. Suka ɗaga mana hannu.

Kafin Ibadan ɗaya ta mutu, ban san dalili ba. A Mokwa injin ya yi zafi, ina can ina alwala Nomau ya ɗauki galan ɗina ya juye a lagireto. Da na dawo na ga galan wayam, sai da mutane suka shiga tsakaninmu. Na sayi ruwan leda da gishiri na haɗa, ina ɗanɗanawa kamar mai miya, har na ji ya yi kusa da abin da na sha ranar da na kife. A Yauri ta biyu ta tsinke zarenta ta fice muna sallah, ta ɓuya ƙarƙashin birki. Nomau ya taka birki a bakin kasuwa, muka ji ƙaras. Ya yi salati, ni ma na yi, ba don abu ɗaya ba.

Saura ɗaya, babbar cikinsu. Daga Koko ta daina motsi. Na yayyafa ruwa, na yi mata fifita da murfin kwali, shiru. A Maiyama, kusa da inda tayarmu ta fashe, na ce Nomau ya tsaya. Na kwance mata zaren ko za ta ji sauƙi, na taɓa bayanta, ko gezau. A nan dariya ta ƙare mini. Na tuna tsohon yana zaune a zaure yana ƙirga kwanaki, na ji idona ya cika. Nomau ya tada mota muka nufi Jega.

Ana fitowa sallar la'asar muka tsaya ƙofar gidan. Labari ya riga mu, zauren cike da masunta, Hajara tana leƙe daga cikin gida. Na durƙusa na ajiye kwandon gaban Baba Gado na buɗe buhu. Ya shafa buhun, ya lashi yatsa, ya ce, “Wanga gishirin kanti na.” Na ce e, Baba, na tekun yana cikin lagireton Nomau. Ya kai hannu ya shafa bayanta, ya auna da taƙi, ya ƙirga ƙafafu. Ya ce, “Ba ta kai hwaihwai ba. Amma ta kai marhin tukunya. Na yahe ma Ɗanjuma rabin ƙaryatai.” Aka yi dariya, ban da ni.

Sai ya ce, “Tana da rai?”

Na ce, “Wallahi ban sani ba, Baba. Tun Koko ba ta motsa ba.”

Ya lalubo ƙahonta babba, ya sa ɗan yatsansa a tsakiya, ya bar shi a nan. Zauren ya yi tsit. Na ji kukan akuya a bayan gida, na fara shirya kalmomin ban haƙuri. Sai kawai muka ji ƙas.

Tsohon ya zabura, kaguwa na lilo a hannunsa, ya ƙwala ihu, “Usmanu! Usmanu, ɓamɓare ta! Za ta cire mani yatsa!”

Na tsaya sororo, don ban gane da ni ake ba. Sai da Hajara ta ce daga bayan ƙofa, “Malam, kai aka kira!” sannan na yi tsalle. Mu uku muka taru kafin ta saki. Jini na zuba, shi kuwa dariya yake yi har hawaye na bin gemunsa. Aka kawo tsumma za a ɗaure, ya ƙi, ya ɗaga yatsan yana nuna wa mutanen da shi ba ya gani, yana cewa teku ta gaishe shi.

Da hayaniya ta lafa ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, “Usmanu, sau nawa ka kihe?”

Na ce, “Sau biyu, Baba.”

Ya ce, “Ni sau huɗu, ran da nif fara.” Ya matsa gefe, ya buga tabarmar da yake kai da tafin hannu. “Taso daga ƙasa. Zamna nan.”